Kabarin Bature na Kafin Ɗinya

Maɗaba'ar Onyekachi,
Sabon Gari, Kano.
7 ga Yuni, 1976.

Zuwa ga Malam Isyaku, Hedimasta mai ritaya,
Rijiyar Lemo, Fagge.

Malam,

Bayan gaisuwa irin wadda ɗalibi yake yi wa malaminsa ko yana so ko ba ya so, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Hajo da sauran iyali.

Ni ne Augustine, ɗan Onyekachi Mai-inji na Kafin Ɗinya, wanda ka koyar a aji uku da aji huɗu. Na faɗi sunana ne don ka daɗe da daina gane ni. Shekara biyar ke nan da na zo ƙofar gidanka bayan yaƙi, na yi sallama, Inna Hajo ta amsa daga bayan asabari ta ce, "Malam ba ya nan," alhali kekenka na jingine a zaure, takalmanka na bakin ƙofa. Tsakanina da kai tsallake shataletalen Bata ne kawai, amma tunda haka ka zaɓa, sai mu yi magana ta gidan waya.

Makon jiya Alhaji Abdulmuminu na Kantin Kwari, shugaban ƙungiyarku ta 'yan Kafin Ɗinya mazauna Kano, ya kawo mini littafin da ka rubuta kan tarihin garin da sana'o'insa da wuraren da baƙo zai so gani. Yana son kwafi ɗari biyar kafin ashirin ga Yuli, ranar da kwamitin gwamnati zai je ya duba ko garin ya isa zama hedikwatar sabuwar ƙaramar hukuma. Ya ce ya zaga maɗaba'a huɗu, kowacce ta cika da aikin littattafan firamare. Bai san gidan wa ya shigo ba sai da na gaishe shi da sunan unguwarsu, nan take ya hau gyaran hula.

Da hannuna na jera haruffan littafin, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba, wasu shafukan sun taɓa ni. Na sake ganin kafin da maharbi Goje ya kafa, da marina, da majema, da dalar gyaɗa ta bakin tasha, da tafkin da kadojinsa ba sa taɓa ɗan gari. Har ƙamshin ƙuli-ƙulin kasuwar Laraba na ji. Amma shafi biyu sun tsaya mini a wuya.

A shafi na sha huɗu ka rubuta cewa Alhaji Abdulmuminu ne ya kawo injin matsar gyaɗa na farko a 1951. Haba Malam! A 1951 rake yake sayarwa a tasha. Ina da shekara takwas aka sauko da injin nan daga jirgi, kuma ranar da aka fara tada shi ya cinye wa mahaifina kan yatsa. Kai ka ɗaure masa hannun da hankicinka.

A shafi na ashirin da biyu kuma ka gayyaci maziyarta su ga Kabarin Bature, ƙarƙashin tsamiyar bayan masallacin tasha, wai na wani injiniyan jirgi ne da zazzaɓi ya kashe a 1929. A gindin tsamiyar nan na girma. Babu tushen da ban yi tuntuɓe da shi ba, kuma babu kabari a wurin.

Ba zan shafa wa shafukan nan tawada ba sai ka amsa mini. Kuma tunda alƙalami ya haɗa mu, ga tambayar da na kawo ƙofarka waccan ranar. A Satumban 1966 mahaifina ya sa ni da Inna mahaifiyata a jirgi, ya ce zai biyo mu idan ya kwance injin, ya ce kada mu damu, yana da Malam Isyaku. Bai biyo mu ba. Ina yake?

Na bar ka lafiya.
Augustine Onyekachi

*

Rijiyar Lemo, Fagge.
11 ga Yuni, 1976.

Agustin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan alheri gare ka da mahaifiyarka. Takardarka ta iso. Na ga har yanzu rubutun hannunka yana da kyau, bakinka kuma bai sake ba tun aji huɗu.

Bari in tuna maka abin da ake ciki, tunda kai kana zaune cikin ƙarar inji da kuɗin mai, ba ka san halin ƙauye ba. Kafin Ɗinya tana mutuwa. Fari ya yi mana shekara biyu, bara kuma ciwo ya shiga gyaɗa, gona guda ba ta cika kwando. Filin da ake gina dala yanzu awaki ke kwana a ciki. Rijiyoyin marina sittin da uku na ƙirga da kaina ina saurayi, yau tara ke aiki, su ma tsofaffi ne a bakinsu. Majema sun rufe saura gida biyu. Samari duk sun tafi Ikko sauke siminti, wanda ya dawo kuma da rediyo yake dawowa, ba da fatanya ba. Idan aka kai hedikwata Tudun Baure, can za a kai asibiti da kwalta da famfo, mu kuma sai dai a riƙa nuna garinmu ta tagar jirgi. Mutum dubu tara ne a bayan wannan ɗan littafi da kake wa ƙyaƙyata.

'Yan kwamitin nan yara ne masu digiri. Ba su san darajar shuni ba, kada kuma sun gan shi a gidan zu. Amma a ce musu ga kabarin Bature, sai su ciro alƙalami, su ce lallai garin nan yana da tarihi. Ban halicce su ba, na dai karance su. Cewa da ka yi ba ka taɓa ganin kabarin ba, wannan ba hujja ba ce. Ciyawa ta rufe shi shekara da shekaru, daga baya aka share. Yaro mai neman tsamiya sama yake kallo.

Batun inji, yau a hannun Alhaji yake, shi ke biyan ma'aikata, shi ya ɗauki nauyin littafin. Amma don kada ka ce na ƙi ka, na yarda ka ƙara layi ɗaya, cewa wasu baƙi 'yan kudu sun taimaka wajen kafa wannan sana'a tun farko. Ko wannan sai na sha surutu a kansa.

Tambayarka ta ƙarshe kuwa, Allah ne masani. Kwanakin ruɗani ne, kowa ta kansa yake yi. Gwamnati da kanta ta ce a manta, kun dawo, an mayar muku da shagunanku, kuna cin kasuwa fiye da da. Mene ne na tono? An kawo maka aikin bugu ne, ba aikin alƙali ba. Ka buga abin da aka ba ka, ka aiko da gwajin bugun kafin Juma'a mai zuwa.

Ka huta lafiya.
Malam Isyaku

*

Sabon Gari.
16 ga Yuni, 1976.

Malam,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka sau biyu, na biyun don in tabbata kai ka rubuta.

Baƙi 'yan kudu. Shekara ashirin da takwas mahaifina ya yi a garin nan. A bayan ɗakinmu na Unguwar Tasha aka binne cibiyata. Ba a yi suna ko biki a gidanka ba tare da man gyaɗarmu ba, kuma ba a taɓa yin Kirsimeti ba Inna ba ta aika wa Inna Hajo shinkafa da kaza mai rai ba, don ku yanka da kanku. Ashe duk baƙunta muke yi. To riƙe layinka, ba na so.

Ka ce an kawo mini aikin bugu, gaskiya ne, bari in gaya maka yadda ake yinsa. Hoto ba ya hawa takarda sai an mai da shi farantin ƙarfe, kuma kafin a yi haka sai an duba shi da gilashi mai ƙara girma, lungu-lungu. Jiya na duba hoton kabarinku.

Ka taɓa shiga maƙabartar Turawa ta nan Kano? Ko tamu ta Sabon Gari? Kabarinmu gabas da yamma yake kwanciya. Wannan kuwa ya kwanta kudu da arewa, ya yi sahu da bangon gabas na masallacin tasha kamar mai bin liman. Na sha rakiyar gawar abokaina Musulmi, na san wannan kwanciyar. Ga shi siriri, ba faɗin akwati ba. Wanda ya haƙa ramin nan bai taɓa binne Kirista ba, irin nasa kawai ya iya.

Sai gicciyen da ke kansa. Ƙarfe biyu ne aka ɗaure, kowanne da lanƙwasa a ƙarshe da huda uku. Ƙafar bencin makaranta ce, Malam. Shekara biyu ina goga gwiwata a jikin irinta. A littafinka, shafi na tara, kai ka rubuta cewa an buɗe makarantar Kafin Ɗinya a 1948. Ka faɗa mini yadda Baturen 1929 ya sami ƙafar bencinka.

Tunda ka ba ni labarin mutum dubu tara, ni ma bari in ba ka labarin mutum ɗaya. A wajenmu, wanda ba a ga gawarsa ba, kututturen ayaba ake naɗewa a binne a madadinsa, sannan a yi masa bikin sallama, matarsa ta fita takaba. Shekara goma dangin mahaifina suna matsa wa Inna Obiageli ta yarda, ita kuma ta ce ba itace ta aura ba. Ba ta zama bazawara ba, ba ta zama mai miji ba. Yanzu sun sa rana, bayan cin sabuwar doya a watan Agusta, da ita ko ba da ita ba. Tun da saƙon ya zo ta daina cin abincin kirki. Tana zaune a bayan maɗaba'a tana kallon ƙofa, duk tsohon da ya wuce sai ta bi hannunsa da ido.

Ba sunansa a littafi nake roƙo ba yanzu. Wane ne a ƙarƙashin tsamiya?

Na bar ka lafiya.
Augustine

*

Rijiyar Lemo.
21 ga Yuni, 1976.

Agustin,

Bayan gaisuwa. Ashe ilimin da na ba ka a nan ya ƙare, ka zauna da gilashi kana ƙirga hudar ƙarfe kamar ɗan sandan ciki. Gicciye yakan rube a sake wani, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani. Yadda aka haƙa rami kuwa, leburorin jirgi Hausawa ne, yadda suka iya suka yi. Ka sami amsa, sai ka kwanta.

Abin da ya sami mahaifiyarka ban ji daɗinsa ba, amma ba ni na ɗora wa danginku al'adarsu ba. Kada kuma ka ƙara sako sunan Hajo a takarda. Na karanta mata waccan bisa kuskure, kwana uku ke nan ba ta yi mini magana ba. Ka shiga tsakanina da iyalina, ka tsayar da aikin gari guda, duk a kan zato.

Saura wata ɗaya cif. Idan ba za ka buga ba, ka ɗaure takarduna da hotunan ka kai shagon Alhaji a Kantin Kwari, ko Zariya ne mu kai. Alhaji bai san abin da kake rubuto mini ba tukuna, kuma ba irin haƙurina ne da shi ba. Yana da mutane. Ka tuna inda kake zaune.

Wassalam.
Malam Isyaku

*

Sabon Gari.
24 ga Yuni, 1976.

Malam,

Ina gaisuwa, don an koya mini.

Na tuna inda nake zaune. Kullum ina tunawa, ba sai hedimasta ya tuna mini ba. Amma ban zaci daga bakinka zan ji wannan maganar ba, kai da ka taɓa zane ɗan Sarkin Pawa don ya kira ni arne a filin makaranta. Na ajiye takardar a akwati, wata rana 'ya'yana za su karanta.

Takardunka suna nan a ɗaure, duk mai so ya zo ya ɗauka. Zariya ma a cike take, na tambaya muku.

Ga abin da zan yi, ina faɗa maka don kada ka ce na yi a ɓoye. Na je kotu na nemi izini, an ce in dawo ranar Litinin. Ko an ba ni ko ba a ba ni ba, Asabar uku ga Yuli zan shiga jirgi da leburori biyu da diga da shebur. Zan fasa simintin nan da rana tsaka, a gaban duk wanda ya zo kallo. Idan Bature ne, zan gan shi da akwatinsa da maɓallan rigarsa, in mayar da ƙasa, in buga littafinka yadda ka rubuta, in zo har zaurenka in durƙusa. Idan kuwa na ga hannun dama da guntun yatsa, to kwamitinku zai tarar da rami a buɗe, sai ka yi musu bayanin tarihi.

Na bar ka lafiya.
Augustine

*

Rijiyar Lemo.
28 ga Yuni, 1976.

Agustin,

Gaisuwa, da roƙo ɗaya kafin komai. Kada ka sa diga a wurin nan. Ramin ba shi da zurfin da kake zato, za ka ji masa.

Shi ne. Mahaifinka ne.

Kada ka ɗauka digarka ce ta tsorata ni. Hajo ce. Shekaranjiya ta ɗauki mayafi ta tsaya a tsakar gida, ta ce sau biyu na sa ta faɗi magana ɗaya, ba za ta faɗa na uku ba, kuma idan ban rubuta ba za ta taka da ƙafarta har Sabon Gari ta gaya wa Obiageli. Matar da ba ta taɓa tsallake Bata ba.

Na farkon ba kai aka faɗa wa ba. Ranar Alhamis ce, bayan azahar. Tun safe labari ya zo daga birni cewa ana kashe 'yan kudu, wasu suka sauko daga mota, wasu na gari suka bi su. Ba zan rubuta suna ba, waɗansu sun mutu, waɗansu na koyar da su. Ina cikin ɗaki na ji sallamarsa a zaure, muryar nan tasa mai kauri, yana cewa, "Malam, ni ne Mai-inji." Ta tagar ɗaki ina hango mutane a bakin lungu. Ina da 'ya'ya shida a gidan. Na ce wa Hajo ta ce ba na nan. Ta dube ni, na sake faɗa, ta je ta faɗa. Na ji ya ce, "To, Hajo, a gaishe shi idan ya dawo." Bai buga ƙofa ba, bai roƙa ba. Ya san ina ciki, kekena na zaure.

Na sha gaya wa kaina cewa da na buɗe, da mu duka za a haɗa. Mai yiwuwa ne. Ban sani ba, don ban buɗe ba.

Kashegari bayan la'asar aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa ya shige. Kyari maigadin tasha, Allah ya jiƙansa, ya zo a jiƙe ya ce mini ga abokina can a bayan sikelin gyaɗa, kuma an ce da safe za a kwashe gawarwakin gaba ɗaya a zuba a rami guda. Muka ɗauko shi a kan ƙyauren ɗakin gadi. Da yatsan na tabbatar.

Ka ce wanda ya haƙa ramin irin nasa kawai ya iya. Haka ne. Shekara ashirin muna cin abinci a kwano ɗaya da mutumin nan, ban taɓa tambayarsa yadda kuke binne naku ba. Ban san ana yin akwati ba sai daga baya, ban san inda ake sa kai ba. Na yi masa wanka yadda na yi wa mahaifina. Akwai alawayyo da na ajiye don likkafanin tsohuwata, shi na yaga. Muka haƙa babban rami da ƙarami a cikinsa, ruwa na cika shi muna kwarfewa da hula. Babu tukwanen rufi, na dawo gida, Hajo ta tuntsurar da randarta ta aure, ta fasa ta da taɓarya ta ba ni. Na kwantar da shi a gefen dama, kai kudu, fuska gabas. Ban yi niyya ba, hannuna ne ya juya shi. Salla kuwa ban yi masa ba, ba ta halatta ba, taku kuma ban iya ba. Muka tsaya ni da Kyari a cikin ruwa, kamar waɗanda suka manta abin da ya kawo su.

Bayan shekara aka ce za a yi rumfunan 'yan rake a gindin tsamiyar. Sai na sayi siminti, na cire ƙafar wani karyayyen benci, na ce na gano a tsofaffin takardun tasha cewa Bature ne a wurin, kuma gwamnati ta san da shi. Ka san mutanenmu, ba mai taɓa kayan gwamnati. Dattawa duk sun san ba a yi wani Bature ba, amma ba wanda ya musa, don Baturen ya fi musu sauƙin wucewa ta gaban wurin. Yara suka taso da labarin, har aka ƙara masa cewa yana da farin doki. Da aka zo littafi, ƙungiya ta ce shi za a sa a gaba. Na ƙirƙiro shi don ya tsare kabarin, ya zo ya cinye mai kabarin.

Ranar da ka zo, na leƙo na ga kafaɗunsa a jikinka. Idan na nuna maka kabarin, sai ka tambayi yadda aka yi, in na faɗi yadda aka yi, sai an zo kan ƙofa. Na kuma ji tsoron ku ce na musuluntar da gawarsa. Sai na sake aiken Hajo.

Maganar da na rufe waccan takardar da ita, ta ka tuna inda kake zaune, ita ce mafi muni da na taɓa rubutawa, kuma na rubuta ta da hankalina. Ba na neman ka yafe. Ba ni da bakin nema.

Ga shafi na sha huɗu da na ashirin da biyu na sake su, na sa hannu. Na farko ya ce Onyekachi Mai-inji, mutumin Unguwar Tasha, shi ya kawo injin. Na biyu ya faɗi wanda ke ƙarƙashin tsamiya da shekarar da ya mutu. Jiya na kai wa Alhaji ya gani a shago. Ya ce na haukace, na sayar da garin ga Tudun Baure, ya ce in ajiye sakatarcin ƙungiya, na ajiye. Watakila gaskiyarsa, watakila na jawo wa mutum dubu tara asarar asibiti. Wannan ma zan ɗauka. Sauran shafukan dai kada ka taɓa mini ko waƙafi, na san halinka. Marina da tafki da kasuwar Laraba ba su yi wa kowa laifi ba.

Ka gaida mahaifiyarka, idan za ta karɓa.

Malaminka,
Isyaku

*

Sabon Gari.
5 ga Yuli, 1976.

Malam,

Ina gaisuwa. Ban je da diga ba.

Na karanta wa Inna takardarka, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Da na zo kan ƙofa ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe. Da ta fito abu ɗaya ta tambaya, ina kansa yake kallo. Na ce fuska gabas, kai kudu. Ta ce to kansa na nuna ƙasarsu ta kudu, a bar shi ya kwanta. Ƙasar kabarin za ta ɗebo a ƙwarya ta kai wa dangi, su riƙe ayabarsu. Ranar ta ci tuwo.

Littafin yana kan inji da sababbin shafukan. Alhaji ya aiko cewa ba ya so. Zan buga ɗari biyar ɗin duk da haka, ban taɓa maka waƙafi ba, kuma kai za ka miƙa wa kwamiti da hannunka.

Ni ban yafe ba, kada ka ga takardar nan ka zaci haka. Inna ma ba ta ce ta yafe ba. Ta dai sa na kai ta kasuwa ta zaɓi randa, babba, ta ce ta Hajo ce.

Jirgin Nguru yana tashi Asabar da hantsi. Na sayi tikiti uku, don ba wanda zai nuna mata wurin sai wanda ya haƙa. Za mu biyo ta Rijiyar Lemo mu sauke randar. Zan tsaya a zaure in yi sallama sau ɗaya, Malam. Ka amsa da bakinka.

Augustine, ɗan Mai-inji